Tsoron Guguwa Da Hadari: Ma'auninsa Da Maganinsa

Babu wani mai hankali da zai ga gabas ta yi baƙi ƙirin a ƙarshen bazara, iska ta ɗauke cak, tsuntsaye sun yi tsit, sa'an nan jar ƙura ta taso ta rufe gari, ya ce zuciyarsa ba ta motsa ba. Domin kuwa wannan motsi ɗabi'a ce da Allah Ya halicci ɗan Adam a kanta, don ta tashe shi ya nemi mafaka tun kafin tunaninsa ya gama lissafi. Amma a cikinmu akwai waɗansu bayin Allah, maza da mata, yara da dattawa, waɗanda tsoron nan ya wuce motsin zuciya ya zame musu ciwo, har damina, wadda kowa ke ɗoki da roƙon zuwanta, ta koma musu watannin azaba. Saboda su na ɗauki alƙalami, kuma abin da nake so in tabbatar shi ne, ciwon nasu ba raunin imani ba ne, ba kuwa abin ba'a ba ne, kuma ba a warkar da shi da cewa su daina tsoro, sai dai a mayar da tsoron bisa ma'auninsa, a kuma ba shi aikin yi.

Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san irin mai wannan lalura. Da hadari ya haɗu, sai ka ga matan gida ana ta kai da kawo, wannan tana kwashe shanya daga igiya, waccan tana kora awaki ƙarƙashin rumfa, wata tana jera bokitai da tukwane a bakin indararo, yara kuwa na tsalle a tsakar gida don murna. Alhali akwai guda ɗaya da ta riga ta shige ƙuryar ɗaki, ta toshe kunnuwa da gefen mayafi, jikinta na kyarma, zuciyarta na dukan uku-uku, numfashinta na sarƙewa, duk tsawar da aka yi sai ta zabura da salati. Idan ruwa ya ɗauke kowa ya miƙe ƙafa cikin sanyi, ita idonta biyu har assalatu, tana kasa kunne ko kwanon rufi zai motsa. Gari ya waye, ba ta yarda ta fita unguwa ko ta bar 'ya'yanta su tafi makarantar allo sai ta dubi sama ta sake dubawa. Abin da take samu daga mutanen gida kuwa bai wuce, "Ke dai kin faye tsoro, Yaya," ko kuma wanda ya fi wannan ciwo, "To, ina tawakkalinki?" Da haka sai ta koyi ɓoye abin da ke damunta, kunya ta hau kan tsoro, nauyin ya zama biyu.

Ƙasar da ta fi kowace sanin wannan mas'ala ita ce Amurka, domin a can ne aka fi samun mahaukaciyar guguwar nan mai saukowa daga cikin hadari tana juyawa, wadda idan ta yi ƙarfi takan tumɓuke gida daga tushensa, ta ɗaga mota ta yar a gona. A kowace shekara akan lissafta wajen 1,200 a ƙasar, galibinsu tsakanin watan Afrilu da na Yuni, a filayen tsakiya irin su jihohin Teksas, Oklahoma, Kansas da Nebraska, da kuma sashen kudu maso gabas. Sababinta kuwa shi ne, iska mai ɗumi da laima takan taso daga Tekun Meksiko ta gamu da busasshiyar iska daga yankin duwatsun yamma da sanyayyar iska daga wajen Kanada, kuma da yake iskar sama da ta ƙasa ba hanyarsu ɗaya ba, ba kuma gudunsu ɗaya ba, sai hadarin ya kama juyi. Mutanen da ke zaune a irin wannan wuri suna da hujjar tsoro, kuma a cikinsu ma akwai waɗanda tsoron ya zame wa cuta, har wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Ayowa, John Westefeld, ya wallafa bincike a kansu a 1996, inda ya bayyana yadda suke raba dare a gaban rediyo da talabijin suna bin labarin yanayi, barci ya ƙaurace musu tun kwanaki kafin hadarin ya iso.

A cikin tarihin mutanen nan akwai izina biyu da suka cancanci mu tsaya a kansu. Ta farko ita ce, tun daga shekarun 1880 hukumomin yanayi na ƙasar suka hana ma'aikatansu ambaton sunan wannan guguwa a cikin hasashen da suke ba jama'a, bisa zaton cewa firgicin da ambaton zai haifar ya fi ɓarnar guguwar kanta, kuma ba a ɗage hanin gaba ɗaya ba sai a 1950. A cikin zamanin wannan shiru ne, ranar 18 ga Maris 1925, guguwa guda ɗaya ta ratsa jihohin Misuri, Ilinoi da Indiyana, tafiyar wajen kilomita 350 cikin sa'o'i uku da rabi, ta kashe mutum 695, da yawansu ba su san abin da ke tafe ba sai da ya iso kansu. Kuskuren ya fito fili a watan Maris na 1948, lokacin da guguwa ta faɗa wa sansanin sojan sama na Tinker a Oklahoma, waɗansu hafsoshi biyu masana yanayi, Ernest Fawbush da Robert Miller, suka zauna suka nazarci alamomin da suka gabace ta, bayan kwana biyar suka ga alamomin sun dawo, suka yi ƙarfin hali suka yi gargaɗi, aka killace jirage aka janye mutane, guguwar kuwa ta zo kamar yadda suka faɗa. Daga nan aka gina tsarin gargaɗin da ake da shi a yau, da na'urorin hango hadari, da jiniya a garuruwa, da cibiyar hasashe a garin Norman, har yawan masu mutuwa, idan aka auna shi da yawan jama'a, ya ragu ƙwarai da gaske. Ashe ɓoye wa mai tsoro gaskiya ba jinƙai ba ne, rashin sani ya fi dare duhu.

Izina ta biyu tana kishiyantar ta farko. Ranar 22 ga Mayu 2011 guguwa mafi girman daraja ta auka wa garin Joplin na jihar Misuri ta kashe fiye da mutum 150, ko da yake an busa jiniya tun kafin ta iso. Da hukumar yanayi ta bi sawun al'amarin, sai ta tarar mutane da yawa ba su nemi mafaka da jin gargaɗin farko ba, saboda sun sha jin jiniya ba a ga kome ba, suka tsaya neman ƙarin tabbaci har lokaci ya ƙure. Wato kamar yadda yawan tsoro ke cutarwa, haka ƙarancinsa ke halakarwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumid Din ga tsoro da fata, kuma ko da yake a kan tsoron Allah yake magana, ma'aunin da ya kafa yana karɓar ƙiyasi a nan: ya kasa tsoro uku, da gajiyayye wanda ba ya sa mutum aikata kome, da mai wuce haddi wanda ke kai wa ga yanke ƙauna da rashin lafiya har ya hana aikin kansa, da matsakaici wanda shi ne abin yabo domin yana tura mai shi ga aiki. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaukar hoton guguwa da wanda ya kasa barci tun ana sauran mako guda, duka biyu sun kauce wa i'itidali, ɗaya ta hanyar sakaci, ɗaya ta hanyar wuce iyaka.

Ga masu jifan mai wannan ciwo da raunin imani kuwa, ya ishe su amsa abin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa idan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga hadari ko iska, akan ga alamar damuwa a fuskarsa, yana shiga yana fita, sai ruwa ya sauka sa'an nan damuwar ta yaye. Da ta tambaye shi dalili, sai ya tunatar da ita mutanen Adawa, waɗanda suka hango girgije suka zaci ruwa ne alhali azaba ce. To, idan fiyayyen halitta, wanda babu mai kai shi yaƙini, fuskarsa ta canza saboda hadari, wane ne zai tashi ya ce motsin zuciya a gaban hadari naƙasa ne a cikin addini? Abin lura a nan shi ne yadda damuwar tasa take da farko take da ƙarshe, kuma take da aiki: ya hana zagin iska, ya koyar da roƙon alherinta da neman tsari daga sharrinta, idan ruwa ya sauka ya karɓe shi a matsayin rahama. Wannan shi ne ma'aunin da ake so a dawo da mai ciwo kansa, kuma hanyoyin dawowar, a ganina, huɗu ne.

Hanya ta farko ita ce ilmi, domin wahami ba ya ƙiba sai a inda sani ya rame. Ba'amurken da tsoron guguwa ya hana sakat yana bukatar ya san cewa, bisa ma'aunin da Tetsuya Fujita na Jami'ar Shikago ya ƙago a 1971, wanda aka sabunta a 2007, mai daraja shida daga sifili zuwa biyar, wajen takwas cikin goma na guguwoyin nan suna cikin darajoji biyu mafi rauni, masu darajoji biyu na ƙoli kuwa ba su kai biyu cikin ɗari ba. Kuma a mafi yawan shekaru waɗanda guguwa ke kashewa a duk faɗin ƙasar ba su kai mutum 100 ba, alhali haɗarin mota na cin wajen 40,000. Mu kuma a nan muna bukatar mu san cewa guguwar rani da muke gani tana wasa da kara da leda a fili, daga zafin ƙasa take tashi cikin sararin da babu hadari, ba ita ce irin ta Amurka ba, kuma irin ta Amurkar ba kasafai ake ganinta a ƙasashenmu ba. Abin da ke yi mana ɓarna shi ne iskar da ke gabatar ruwa, wadda galibi daga gabas take zuwa ta miƙe yamma, ta yi ƙarfinta cikin ɗan lokaci ta wuce, da kuma aradu.

Aradun ma tana da lissafi, kuma lissafin nan magani ne. Haske ya fi sauti gudu nesa ba kusa ba, sauti kuwa yana cin kimanin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Saboda haka uban da ɗansa ke firgita da tsawa zai iya zaunar da shi kusa da shi a cikin ɗaki, idan an yi walƙiya su kama ƙirga tare, ɗaya, biyu, uku, har tara, sa'an nan a ji rugugi. Sai ya ce masa, "Ka ji ko, ɗana? Wannan tana can nesa da mu kamar kilomita uku, kuma ƙarar da ka ji labarin abin da ya riga ya wuce ne." Yaron da ɗazu yake cusa kai cikin bargo, sai ka ga ya ɗago yana jiran walƙiya ta gaba don ya riga babansa ƙirgawa, yana cewa, "Baba, wannan ta fi nisa." Bai daina jin tsoro ba tukuna, amma hankalinsa ya sami abin riƙewa, kuma a hannu guda ya koyi ƙa'idar da za ta tsare ransa, cewa duk wanda ke jin tsawa, wurin zamansa cikin gini ne, ba fili ba.

Hanya ta biyu ita ce riƙo da sababi, watau shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A Amurka ana koya wa yara tun daga firamare su gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa, in babu su shiga ɗakin da ke tsakiyar gida a hawan ƙasa, nesa da taga, su kare kawunansu. Kuma bayan guguwar 20 ga Mayu 2013 ta kashe mutum 24 a garin Moore na Oklahoma, cikinsu har da yara bakwai a wata makarantar firamare, hukumar garin ta tsananta dokar gini a shekarar da ta biyo. Guguwar da ta fi kowace kisa a tarihi kuwa ba a Amurka ta auku ba, a Bangaladash ne, ranar 26 ga Afrilu 1989, inda ta kashe kimanin mutum 1,300 a yankin da gidajen talakawa ba su da ƙwari kuma babu mai gargaɗi. Wannan ya nuna cewa ba ƙarfin iska kaɗai ke kisa ba, har da raunin gini da rashin labari, kuma a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Mutanen Bauchi ba su manta da iskar tsakiyar watan Yuni na 2018 ba, wadda ta yaye rufin gidaje masu yawa ta kuma yi sanadin rayuka. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 kuwa ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Saboda haka kafin ruwan farko, mai gida ya kira kafinta ya duba ƙusoshin kwano da katakon da ke riƙe da shi, a ɗaure rufi da jikin gini, a gyara katangar da ta tsage, a yi yaɓe, a sare reshen da ya rankwafo kan ɗaki, a yashe magudanar ruwa, a kuma sanar da kowa ɗakin da ya fi ƙwari wanda za a taru a ciki. Manomi da makiyayi su bar fili tun hadari na nesa, kada su fake a gindin doguwar itaciyar da ke tsaye ita kaɗai, kada kuma su tsaya a cikin ruwa. Mai tsoro shi ya fi cancanta a ɗora wa kula da wannan shiri, domin hannun da ke aiki ba ya kyarma kamar hannun da ke zaune.

Hanya ta uku ita ce riyalar zuciya, watau horar da ita, kuma malamanmu sun riga likitocin zamani sanin ta. Abu Zaid al-Balhi, almajirin al-Kindi, wanda ya rasu a 934, ya yi bayanin firgici a cikin littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi wasiyya cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin natsuwa kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar bukata, ya kuma riƙa saba wa idonsa da kunnensa abin da yake tsoro har tsoron ya lafa. Bayan fiye da shekara dubu, a 1958, likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe, haifaffen Afirka ta Kudu, ya tsara wannan hanya mataki-mataki, kuma har yau a kanta aka dogara wajen jinyar irin wannan tsoro. Hikimarta a fili take ga duk wanda ya san yadda ake horon dokin hawan Salla: ba a ɗauko ɗanyen doki a jefa shi tsakiyar 'yan bindiga, sai dai a fara jiyar da shi ƙarar daga nesa ana shafa wuyansa, yau a matso kaɗan, gobe a ƙara, har ranar da za a harba a gabansa bai ɗaga ƙafa ba. Haka mai tsoron hadari zai fara da yin maganar hadari da wanda ya amince da shi a ranar da sama take garau, sa'an nan ya saurari sautin tsawa da aka naɗa, a hankali, sa'an nan ya zauna a bakin ƙofa lokacin yayyafi, sa'an nan ya kalli ruwa mai ƙarfi ta taga daga cikin amintaccen ɗaki, a kowane mataki yana jan numfashi yana sakinsa sannu a hankali, ba ya tashi sai bugun zuciyar ya sauka da kansa. Gudu yana ba da sauƙi na sa'a guda amma yana ciyar da tsoron gobe, kuma daga cikin gudun har da yawan duba labarin yanayi a waya da kallon hotunan ɓarna da ake turowa ta WhatsApp. Ya wadatar mutum ya duba hasashen hukumar yanayi ta NiMet da safe da yamma, ya ajiye waya.

Hanya ta huɗu, wadda ita ce rufin sauran, ita ce tawakkali na haƙiƙa, irin wanda aka koya wa mai raƙumin nan na cikin hadisi da aka umurta ya ɗaure abinsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Wanda ya gyara rufinsa, ya tara iyalinsa a ɗaki mai ƙwari, ya karanta addu'ar da aka koyar, ya sauke abin da ke wuyansa, sauran kuma ba nasa ba ne. Kuma sakankancewa da cewa ajali ba ya gabata ba ya jinkiri sauƙi ne ga zuciya idan mutum ya faɗa wa kansa, ko da yake yakan zama dutse idan wani ya jefe shi da shi cikin izgili. Wanda kuma tsoronsa ya kai ga hana shi barci da neman abinci, ko wanda ya taɓa ganin gini ya faɗa wa wani nasa har abin yana dawo masa a mafarki, to, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma neman magani a gare shi sunna ce, ba abin kunya ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba shaidar hauka ba ce.

Saura haƙƙin da ke kanmu mu jama'a. Ina roƙon malamai su keɓe huɗuba guda a farkon damina ga ladubban iska da hadari, su haɗa addu'a da bayanin sababi, su kuma ja kunnen masu yi wa mai firgici gori. Ina roƙon gidajen rediyo su riƙa karanta gargaɗin yanayi da Hausa bayyananniya, da sunan gari da lokaci, domin makiyayin da ke bayan gari ba shi da wata jiniya sai rediyonsa. Ina roƙon hukumomi su sa ido a kan rufin makarantu da kasuwanni da allunan talla da turakun lantarki tun rani, kada a jira sai an kai ziyarar jaje da buhunan shinkafa. Mu kuma a cikin gidajenmu, idan muna da mai wannan lalura, mu zauna kusa da shi lokacin hadari, mu ba shi aiki, mu yaba masa a kan kowane mataki da ya taka, mu yi haƙuri da jinkirinsa, domin sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga sharrin iska da aradu, Ya sanya natsuwa a zukatan masu firgici, amin.